Yadda Ake Gwada Illar Dalma da Zaiba a Kan Famfon Sodiyum da Fotasiyum a Ɗakin Gwaji

Yawancin ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki da ke zaɓen gubar ƙarfe a matsayin aikin shekarar ƙarshe abu ɗaya suke yi: a ɗebo ruwan rijiya ko ƙasar fadama ko ganyen alayyafo, a kai a auna yawan dalmar da ke ciki, a jera lambobi, a kwatanta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Aiki ne mai amfani, amma ba ya nuna abin da ƙarfen yake yi bayan ya shiga jiki. Gwajin da zan bayyana a nan shi yake nuna hakan, kuma ana iya yin sa a Sakkwato da ƙodar akuya, da ƙanƙara, da na'urar auna launi irin wadda ake samu a ɗakunan gwajin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran manyan makarantunmu. Abin da yake nema a wurinka ya fi kuɗi wuya, wato tsabta da haƙuri.

Mu a nan gubar ƙarfe ba labarin nesa ba ce. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake dakawa a cikin gidaje, kuma Zamfara sai a 1996 aka cire ta daga jihar Sakkwato. Ga masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalmarsa a bakin titi, ga tozalin da ake yi da dutsen dalma, ga zaibar da masu haƙar zinariya ke kama gari da ita sannan su ƙona, ga wasu mayukan canza launin fata da aka sha samun zaiba a cikinsu.

Abin da za ka auna

Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da tantanin da ya kewaye ta. A cikin ƙwayar fotasiyum ne da yawa, wajen milimola 140 (milimola ma'auni ne na yawan sinadari a lita ɗaya), sodiyum kuwa bai wuce 10 zuwa 15 ba. A waje, cikin ruwan jini, abin ya juye: sodiyum kusan 145, fotasiyum 4 zuwa 5. Wannan bambanci ba ya zama da kansa, domin kullum sodiyum na silalowa ciki, fotasiyum na zirarewa waje. Kamar ɗan kwale-kwale ne a gulbin Rima da jirginsa ke yoyo, dole ya riƙa kwarfe ruwa babu hutawa, ya tsaya kuwa jirgi ya nutse. Mai kwarfewar a nan furotin ne da ke dashe cikin tantanin, shi ake kira famfon sodiyum da fotasiyum. Duk zagaye ɗaya yana fitar da sodiyum 3, ya shigo da fotasiyum 2, ya fasa ATP guda ɗaya, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwayar halitta. Jens Christian Skou na Jami'ar Aarhus a ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. A kan wannan bambancin da famfon ke riƙewa ne jijiya ke aika saƙo, zuciya ke bugawa, ƙoda ke mayar da gishiri da ruwa cikin jini. A ƙwaƙwalwa kusan rabin makamashin da ake ƙonawa a kansa yake tafiya.

Tunda duk ATP da aka fasa yana sakin fosfet guda, ba sai ka ga sodiyum yana fita ba. Famfon kansa enzayim ne mai fasa ATP, don haka ka ba shi ATP, ka jira, ka auna fosfet ɗin da ya fito. In ƙarfe ya kama famfon, fosfet zai ragu.

Ƙarafan ba hanya ɗaya suke bi ba. Babban ɓangaren furotin ɗin, wanda ake kira alfa, yana da sisteyin, ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su, fiye da 20, kowanne da rukunin SH mai ɗauke da farar wuta. Zaiba tana da tsananin son farar wuta, da ta samu rukunin SH sai ta manne, furotin ya kasa sauya siffar da yake yi tsakanin kama sodiyum da kama fotasiyum. Jan ƙarfe da azurfa da kadmiyum su ma suna kama SH, amma kadmiyum bai kai zaiba ƙarfin riƙo ba. Dalma da zink da kadmiyum suna da caji biyu kamar magniziyum, don haka suna iya kutsawa inda magniziyum ya kamata ya zauna tare da ATP. Taliyum kuma yana shiga ne a matsayin fotasiyum, famfon ya ɗauke shi da kansa ya kai cikin ƙwayar halitta. Shi ya sa gwaji da ƙarfe ɗaya tak ba ya gamsar da ni. Ka ɗauki aƙalla biyu masu hali daban, misali zaiba da dalma.

Wanke kwalabe, kwana ɗaya kafin komai

A nan yawancin gwaje-gwajen ke lalacewa tun ba a fara ba. Abin da kake nema ya kai ƙanƙantar maikiromola, kuma garin sabulun wanki da yawa yana ɗauke da fosfet, wato ainihin abin da za ka auna. Kwalbar da aka wanke da shi za ta ba ka shuɗin launi ko babu enzayim a ciki. Kwalbar da wani ya yi aikin jan ƙarfe da ita a zangon da ya wuce kuma za ta kashe maka enzayim ba tare da ka zuba komai ba.

Ka jiƙa duk kwalaben gwaji da bika da silinda a cikin asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, su kwana. Da safe ka ɗauraye su da tataccen ruwa har sau biyar ko fiye, ka kife su su bushe a cikin kwali ko durowa mai murfi. In lokacin hunturu ne, kada ka bar su a fili ko na awa ɗaya, ƙurar da ke sauka kan benci a watan Janairu ta isa ta ɓata maka sakamako. Ruwan famfo da na leda ba su da wuri a wannan aiki, ko a ɗauraya ta ƙarshe.

Haɗa ruwayen aiki

Na farko shi ne ruwan niƙa: gram 8.56 na sukuros a mililita 100, wato mola 0.25, tare da Tris milimola 20 a pH 7.4, shi ne bafa, wato abin da ke hana tsamin ruwan sauyawa. Littattafai da yawa za su ce ka ƙara EDTA milimola 1, wasu su ce ka sa DTT ko makaftoyetanol don kare enzayim. A sauran gwaje-gwaje shawara ce mai kyau, a naka kuwa ɓarna ce, domin EDTA aikinsa kama ƙarfe, DTT kuma rukunin SH gare shi, zai tare zaibar kafin ta isa famfon. Za ka zuba guba ka ga enzayim na aiki lafiya lau, ka rubuta cewa ba ta da illa. Haka kuma kada ka yi amfani da bafar fosfet ko kaɗan, dalilin a bayyane yake.

Na biyu shi ne ruwan gwaji, wanda za ka haɗa da ninki biyu na ƙarfinsa. A mililita 100 ka narkar da gram 1.17 na NaCl, da 0.298 na KCl, da 0.203 na MgCl2 mai ruwa shida, da 1.21 na Tris, ka daidaita pH zuwa 7.4 da HCl. In ya shiga kwalbar gwaji zai koma sodiyum milimola 100, fotasiyum 20, magniziyum 5, Tris 50. Ka daidaita pH ɗin ne ruwan yana digiri 37, saboda pH ɗin Tris yana sauka da kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Kada ka musanya MgCl2 da MgSO4 don shi ne a kan shiryayye, salfet na haɗuwa da dalma su kwanta a ƙasan kwalba.

Na uku ATP, milimola 30. Gishirinsa mai sodiyum biyu yana da tsami, sai ka kai shi kusa da pH 7 da ɗan Tris, ka rarraba shi ƙananan kwalabe, ka daskarar, ka riƙa ciro na rana ɗaya kawai. Ka duba nauyin da aka rubuta a jikin kwalbar da ka saya kafin lissafi, don ya danganta da ruwan da ke cikin garin. A 1977 Lewis Cantley da abokan aikinsa a Amurka sun gano cewa wani ATP da ake sayarwa, wanda aka ciro daga naman doki, yana ɗauke da ɗan banadiyum da ke hana wannan famfon aiki. Masana sun daɗe suna ganin sakamako mai ruɗarwa kafin a gane daga kwalbar ATP ɗin matsalar take. In enzayim ɗinka ya ƙi motsi kuma ka tabbatar da komai, ka tuhumi ATP.

Na huɗu wabayin, milimola 10, wato miligram 7.3 a kowace mililita in mai ruwa takwas ne. Ɗan ɗumi yana taimaka masa narkewa, a ajiye shi a kwalba mai duhu. Ana samun sa ne daga tsiro dangin kwankwani, wanda maharbanmu na da suke haɗa dafin kibiya da shi, kuma abin da yake sa dabba faɗuwa shi ne yadda yake toshe wannan famfon a zuciya. Ka riƙe shi a matsayin guba.

Sai ƙarafan. A mililita 10 na tataccen ruwa, miligram 27.2 na HgCl2, gishirin zaiba, zai ba ka milimola 10. Na dalma, Pb(NO3)2, miligram 33.1, na kadmiyum, CdCl2 marar ruwa, 18.3, na jan ƙarfe, CuSO4 mai ruwa biyar, 25.0. Daga nan ka riƙa sirkawa ninki goma-goma, mililita 1 a cikin 9, har sau biyar. Sirkakkun ka yi su ranar gwaji, domin zaiba in ta yi ƙaranci tana mannewa a bangon kwalba, abin da ka rubuta a jiki ba shi ne a ciki ba bayan kwana biyu. Safar hannu dole ce, kuma ba a tsotsar fifet da baki, ko da ka ga wani babba yana yi.

Zuwa mayanka

Ƙoda ce ta fi kowace gaɓa yawan wannan famfo, kuma ta akuya ko tunkiya ta fi dacewa da mu: ga ta da araha, ga ta sumul mai sauƙin yankawa, ba kamar ta saniya mai ɓangare-ɓangare ba. Ta kan teburin kasuwa da ta sha rana ba ta da amfani. Ka yi sammako bayan sallar asuba da kula cike da ƙanƙara da leda mai tsabta. Ka fara gaida mahaucin yadda ya kamata, "Baba, barka da asuba, sannu da aiki," ka gaya masa aikin makaranta ne, kana son ƙodar da aka ciro yanzu-yanzu, kada a wanke ta da ruwa, kada a tsaga. In ka yi masa bayani tun jiya, zai ware maka da an feɗe. Ka sa ta a leda, ka binne ledar cikin ƙanƙara, ka kama hanya ba tsayawa.

A ɗakin gwaji ka ɗora faranti a kan ƙanƙara, ka ɓare farar fatar da ta lulluɓe ƙodar, ka tsaga ta biyu a tsaye. Za ka ga launi uku. Na waje ruwan ƙasa ne, na can ciki fari-fari, tsakaninsu kuma akwai zobe ja wur mai duhu. Wannan jan shi kake so, nan ne bututun da ke mayar da gishiri cikin jini suka fi yawa. Ka yanko shi da ƙaramin almakashi, ka guji farin, ka auna. Gram 2 ya isa aikin kwanaki.

Ka daddatsa shi ƙanana, ka zuba ruwan niƙa mai sanyi mililita 9 ga kowane gram ɗaya, ka niƙa a maniƙar gilashi tana tsaye cikin ƙanƙara. In babu, turmin tangaran da aka sanyaya zai yi. Ka juya a santirifuj, injin da ke kwantar da abu mai nauyi a ƙasan kwalba, a ƙarfin 1,000 g (g a nan ma'aunin ƙarfin juyi ne, ba gram ba) na minti 10, ka zubar da abin da ya kwanta. Ruwan saman ka sake juya shi a 10,000 g na minti 15 zuwa 20 don a kwantar da maitokondiriya, waɗanda suke da nasu enzayim mai fasa ATP. In kana da injin da ke kaiwa 48,000 g, ka juya ruwan saman na minti 30, ka ɗauki abin da ya kwanta ka narkar a ruwan niƙa; wannan shi ne tantanin da ake so. In babu, ka yi aiki da ruwan saman na biyu, amma ka rubuta hakan ƙarara a rahotonka, domin akwai gulutatayon, wani sinadari mai rukunin SH, da wasu furotin a cikinsa da za su shanye wani kaso na ƙarfen, adadin da zai kashe famfon zai fito sama da na masu tataccen enzayim. In injinka ba ya sanyaya kansa, ka sa kwalabensa a firiza tukuna, ka yi juyin a gajarce.

Tantani idan ya karye yakan naɗe ya rufe kansa, ATP ya kasa isa wani sashe na famfon. Daskarar da samfurin da narkar da shi sau ɗaya yana buɗe da yawa daga ciki. Saboda haka ka raba shi ƙananan kwalabe, ka daskarar, kowace ka narkar da ita sau ɗaya tak. Ka auna furotin da hanyar Lowry ta 1951 ko ta Bradford ta 1976, ka sirka zuwa miligram 0.5 a kowace mililita.

Ranar gwaji

Zafin da ake so digiri 37 ne. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura 40, bahon ɗumama ruwa kuwa ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. In ka fara da azahar a irin wannan lokaci, ruwan bahon zai iya wuce 37 ko injin a kashe yake. Ka fara da sanyin safiya, ka tsoma ma'aunin zafi na hannu a ciki, kada ka dogara da lambar da ke jikin injin. In wuta ba ta da tabbas, kula mai kyau da aka cika da ruwan digiri 37 tana riƙe zafin na rabin awar da kake buƙata.

Kowane adadin ƙarfe kwalba biyu yake nema, ɗaya da wabayin, ɗaya babu. Wannan shi ne ƙashin bayan gwajin. A cikin samfurinka akwai wasu enzayim da ke fasa ATP waɗanda ba ruwansu da sodiyum. Wabayin famfon kaɗai yake toshewa. Fosfet ɗin kwalbar da ba wabayin na kowa da kowa ne, na mai wabayin na sauran ne ban da famfon, bambancin su biyun shi ne aikin famfon. Na ga rahotanni da aka auna jimillar kawai aka kira ta aikin famfon sodiyum, wannan ba daidai ba ne, komai kyan zanen da aka yi.

A kowace kwalba ka zuba mililita 0.5 na ruwan gwaji, 0.1 na ƙarfe ko tataccen ruwa, 0.1 na wabayin ko tataccen ruwa, 0.1 na ruwa zalla, sai 0.1 na samfurin, wato maikirogram 50 na furotin. Ka tuna ƙarfen zai sirku ninki goma a ciki, wanda ka ɗebo daga kwalbar milimola 1 zai zama maikiromola 100. Ka bar su cikin baho na minti 10 daidai, ƙarfe da wabayin su samu damar kamawa. Wannan lokacin kada ya bambanta daga rana zuwa rana, don zaiba tana ƙara kamawa ne da tsawon zama.

Adadi shida na ƙarfe da na sifili, kowanne kwalba biyu, kowace a maimaita sau uku, kwalba 42 ke nan. Ka zuba mililita 0.1 na ATP a ta farko ka danna agogo, bayan daƙiƙa 20 ta biyu, haka har ƙarshe, zai ɗauke ka minti 14. A minti 15 cif ka koma kan ta farko ka zuba mililita 1 na TCA mai sanyi, kashi 10 cikin 100, wato asid ɗin da ke tsayar da aikin enzayim, ka mayar da ita ƙanƙara, ka bi sauran da tazarar daƙiƙa 20 ɗin nan. Ka samu aboki ya riƙe maka agogo yana kiran lamba. Ƙarfe ɗaya a rana ya isa.

Ka haɗa da kwalbar da aka zuba wa TCA kafin samfuri ya shiga, ita za ta nuna fosfet ɗin da ya zo tare da ATP da naman. Ka juya duka a santirifuj na minti 5 furotin ya kwanta.

Fito da launi

Asalin hanyar ta Fiske da Subbarow ce ta 1925: fosfet ya haɗu da molibdet a cikin asid, a sa abin da zai mayar da haɗin shuɗi. Na fi son gyaran da Taussky da Shorr suka yi a 1953, don kayansa sun fi sauƙin samu. Ka narkar da gram 10 na amoniyum molibdet a mililita 100 na asid ɗin salfurik mai ƙarfin 10 N. Wajen haɗa asid ɗin, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikinsa. Ranar aiki ka ɗebi mililita 10 daga ciki, ka ƙara ruwa da gram 5 na FeSO4 mai ruwa bakwai, ka cika zuwa 100. Wannan ba ya kwana.

Ka ɗebi mililita 1.5 na ruwan saman kowace kwalba, ka zuba mililita 1 na haɗin, ka jira minti 10, ka karanta a nanomita 700, ko 660 in nan na'urarka ta tsaya. Kada ka bar su su daɗe, domin ragowar ATP yana ci gaba da fashewa a cikin asid, shuɗin yana ƙaruwa a hankali.

Ma'auninka shi ne KH2PO4, gram 0.136 a lita, milimola 1. Ka ɗebi mililita 0, 0.05, 0.1, 0.2, 0.3 da 0.4, ka cika kowace zuwa 1, ka zuba TCA, ka bi da su yadda ka bi da sauran. Sannan ka ƙara abu ɗaya da ɗalibai ke mantawa: kwalbar fosfet sananne wadda aka zuba wa mafi yawan adadin ƙarfenka. In launinta ya bambanta da marar ƙarfe, to ƙarfen yana taɓa launin ne, ba enzayim ba. Dalma ce ta fi wannan hali, takan yi gari-gari da salfet ko kuloraid idan ta kusa milimola 1. Duk kwalbar da ta yi hazo, ka fitar da ita daga lissafi.

Lissafi da abin da yake nufi

Ga misali don ka ga tsarin. A ce kwalbar da ba wabayin ta ba da maikiromol 0.30 na fosfet, mai wabayin 0.12. Bambanci 0.18 a minti 15, wato 0.72 a awa, a raba da miligram 0.05 na furotin, ya zama maikiromol 14.4 a kowane miligram a awa. Wannan na kwalbar da ba ƙarfe shi ne kashi 100. Ka lura 0.30 kashi 10 ne cikin 100 na ATP ɗin da ka zuba. In abin da aka fasa ya wuce kashi 15, ka rage furotin ko lokaci.

Ka zana ragowar aikin famfon a tsaye, logaridim ɗin adadin ƙarfe a kwance. Layin zai fara a sama, ya gangaro, ya kwanta. Inda ya ratsa kashi 50 shi ne IC50. Abin da aka saba gani shi ne zaiba da jan ƙarfe su fi ƙarfi, wajen maikiromola ɗaya ko ƙasa a tataccen samfuri, kadmiyum da zink da dalma su nemi fiye da haka. Ka zana layin kwalaben wabayin su ma, za ka ga ko ƙarfen ya fi ƙin famfon ne ko duk enzayim ɗin yake bugawa.

Kada ka ɗauki lambar IC50 tamkar ba ta canzawa. ATP yana kama ƙarfe, kuloraid yana kama zaiba, Tris yana kama jan ƙarfe, furotin yana kama duka. Abin da ya isa famfon ya fi abin da ka zuba ƙanƙanta sosai. Shi ya sa dole rahotonka ya faɗi bafar da ka yi amfani da ita da yawan furotin da na ATP, in ba haka ba babu mai iya kwatanta sakamakonka da na wani.

Akwai lissafin da nake so kowane ɗalibi ya yi. Nauyin mol ɗaya na dalma gram 207.2 ne. Maikirogram 5 a desilita na jini, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara neman tushen gubar, ya kama maikiromola 0.24. Maikirogram 45, inda ake fara ba yaro maganin fitar da dalma, kusan maikiromola 2.2 ne. A Zamfara an samu yara da yawa da jininsu ya wuce 65, iyakar abin da na'urar hannu ke iya karantawa. Ka tabbatar adadin da ka gwada ya ratsa wannan yanki. In a nan ka ga illar dalma a kan famfon kaɗan ce, kada ka ce dalma ba ta da haɗari: tana hana enzayim ɗin da ke haɗa sinadarin jan jini aiki a adadin da bai kai haka ba, tana kuma shiga gurbin kalsiyum a ƙwaƙwalwar yaro. Famfon ɗaya ne daga wuraren da take yi wa ɓarna.

Ko ana iya farfaɗo da famfon

In lokaci ya rage maka, wannan matakin ya fi kowanne daɗin gani. Ka ɗauki adadin da ya kai IC50, ka bar shi minti 10 da samfuri, sannan a gurbin ruwan nan zalla na mililita 0.1 ka zuba EDTA da zai zama milimola 1 a wasu kwalabe, sisteyin ko gulutatayon milimola 1 a wasu, ka ƙara minti 10 kafin ATP. A dalma da kadmiyum da zink EDTA yakan dawo da mafi yawan aikin. A zaiba masu rukunin SH ne suka fi tasiri, wani lokaci ma aikin ba ya dawowa duka. Maganin DMSA da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙa ba yaran Zamfara rukunin SH biyu gare shi, a kan wannan ka'idar yake kama ƙarfe ya fita da shi ta fitsari. Ka haɗa da kwalbar EDTA marar ƙarfe, domin yana kama ɗan magniziyum, dole ka san nasa tasirin shi kaɗai.

Wanda yake son ya wuce zuwa jinin mutane, misali masu gyaran batir, sai ya fara samun izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mutanen a rubuce. Jinin auna enzayim a kwalbar hefarin ake ɗiba, ba ta EDTA ba, kuma famfon da ke jan ƙwayar jini kaɗan ne ƙwarai, zai buƙaci ƙarin furotin da tsawon lokaci. Duk wanda aka samu dalmarsa ta hau, a gaya masa a tura shi asibiti, kada a bar shi a matsayin lamba cikin jadawali.

Ragowar ruwan kwalabe kuwa, ko ɗigo kada ya shiga magudana, don daga can kwata zai bi ya ƙare a fadamar da ake noman albasa da latas. Ka tanadi jarka mai murfi ga kowane ƙarfe, ka rubuta sunansa da kwanan wata a jiki, ta zaiba daban, ka zuba har ruwan ɗauraya na farko a ciki. Bakunan fifet da safar hannu su shiga leda ta musamman a ɗaure. Ka miƙa su hannu da hannu ga shugaban ma'aikatan ɗakin gwaji, ka sa ya rubuta a littafin ajiya cewa ya karɓa.